Wa ya koya mana gudu?

Bara da aka tura mu sitaj, aji CE2 aka ba ni a wata lakwal da ke bakin gari, yara sun fi saba'in. A jikin bango an manna takardar tsarin mako, cikinta akwai wani ɗan gida da aka rubuta EPS, Talata da safe. Na tambayi mushen da ke riƙe da ajin abin da ake yi in lokacin ya zo. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, fitar da su su zagaya fili sau biyu. In sun gaji ka maido mini su mu yi lissafi."

Ni kuwa da zafin sabon shiga na ce ai tsere za mu yi. Na ja layi da ƙafa cikin rairayi, na ƙirga taki hamsin na ja wani, na jera su goma-goma, na ɗaga hannu na yi musu kiran nan da aka yi mana muna yara, wanda har muka gama CM2 muna jin sa kamar "abo marka, fare, fartai". Suka kwasa. Wani ya jefa kai baya yana kallon sama, wani ya cije haƙora ya dunƙule hannu kamar zai shiga dambe, wata hannu ɗaya na riƙe da zane ɗayan na riƙe da silifa. Kusan dukkansu suna waigen na kusa da su, kuma saura taki uku a kai layi kowa ya fara taka birki. Na san akwai gyara. Amma da suka dawo suna haki suna kallona, suna jiran abin da mushe zai ce, sai na tarar ba ni da kalma ko ɗaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ku ƙara sauri." Wallahi da na ji kaina sai kunya ta kama ni, don maganar da aka yi ta faɗa mini ke nan shekara goma sha uku, daga CI har bak, kuma ban taɓa sanin yadda ake ƙara saurin ba.

Ku ma ku tuna, ƴan uwa. An auna gudunmu a birebe, an auna a bak, an ba mu maki. Wa ya taɓa tsayar da ɗayanmu ya ce ga inda za ka sa ƙafa, ga yadda za ka yi da hannu? Wannan tambaya ce ta sa da hutu ya zo na zauna da kakana da kawuna, na kuma tona ƴan littattafan da na samu, don in gane inda aka baro abin.

Tun kafin Nasara ya zo yaron ƙasar nan yana gudu, ba sai an faɗa ba. Yana korar awaki daga gona, yana bin ɗan maraƙin da ya tsinke igiya, yana ɓuya a farin wata, yana langa a dandali. Sarakuna suna da zagage a gaban doki, suna da manzanni masu kai saƙo gari zuwa gari a ƙafa. Sai dai ku lura da matsayin gudu a bakin Bahaushe. Gudun tsira, gudun hijira, gudun abin kunya, kai har ciwon ciki gudawa muke ce masa. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Babban mutum ba ya gudu cikin gari sai in gobara ce ko mahaukacin kare, budurwa kuwa in ta yi sai a ce ba ta da natsuwa. Wanda ake yi wa kirari shi ne wanda ya tsaya: ɗan kokowa, ɗan dambe, maharbin da bai ja da baya ba. In tsere ake son kallo, doki ne ke yi a filin sukuwa. Shi ya sa ɗan kokowa yana da ubangidan da ke nuna masa kamu da taɗiya da yadda ake kafa ƙafa, yana da makaɗi, yana da mai ba shi laya. Mai gudu ba shi da kowa. Iyakar abin da za a ce shi ne wane barewa ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wato a ganinmu gadonsa ake yi.

Kakana an kama shi an kai lakwal wajen ƙarshen shekarun 1940. Kamu nake nufi na gaske: kumandan ya nemi yara, mai gari ya ɓoye nasa ya ba da ƴaƴan talakawa. Ya ce kowace safiya kafin a shiga aji ana jera su sahu-sahu, wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi ke ba da umurni. Hannu sama, hannu gefe, durƙusa, miƙe, juya dama, juya hagu, sannan a zagaya fili da sassarfa, taki ɗaya, yana ƙirga musu "an, de, an, de". Wanda ya ɓata taki ya sha dorina. Na ce, "Kaka, to tsere fa?" Ya ce tsere sai ranar katorzi, wato bikin 14 ga Yuli, a gaban kumandan da matarsa, a yi na cikin buhu mutane su yi ta dariya, a yi na ƙafa, a ba wanda ya ci sabulu ko ƴan kuɗi. Na ce to wa ya koya muku? Ya kwashe da dariya har yana tari, ya ce, "Kai ja'iri, ana koya wa mutum gudu ne? Dorina ce malamarmu."

Abin da na karanta ya yi daidai da nasa. Faransa ba gwanayen tsere take nema ba lokacin da ta shigo da motsa jiki cikin makarantun Afirka ta Yamma, sojoji take nema. A 1919, bayan yaƙin duniya na farko, an kafa dokar ɗaukar soja dole a yankin ko ba a yaƙi, kuma likitocin da ke duba samari suna ta mayar da da yawa gida, wai jikinsu ba zai ɗauki aikin ba. Sai aka ga gara a fara gyaran jikin tun mutum yana yaro. Aikin ya faɗa hannun sojoji da tsofaffin sojoji, kamanninsa kuma ya zama na fareti. Nijar ta zama koloni a 1922, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, makarantu ƴan ƙalilan ne, manyan malamai kuwa sai an je makarantar William Ponty a Senegal ake samo su, ko a turo daga Dahomey. Wa ke da lokacin tsayawa ya duba yadda yaro ke ajiye tafin ƙafa?

Akwai wani abu a nan da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda. Hanyar motsa jiki da ta yi tashe a Faransa a wancan zamani ita ce ta Georges Hébert, wani hafsan sojan ruwa da aka haifa a 1875. Ya yi yawo a jirgi, ya ga mutanen Afirka da na wasu ƙasashe, ya yaba ƙirar jikinsu da zafin namansu alhali ba su da malamin motsa jiki. Ya koma gida ya tsara abin da ya kira hanyar ɗabi'a: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, jifa, ɗaukar nauyi, iyo da sauransu. Gwamnatin Vichy ta rungumi tsarin a farkon shekarun 1940, ya kuma iso yankinmu ta hannun masu mulki. Ku ji fa: an kalli kakanninmu an rubuta littafi, sannan aka dawo da littafin ana koya wa jikokinsu rarrafe da bulala. Shi Hébert kuma ba ya ƙaunar wasan gasa, har littafi ya fitar a 1925 yana sukarsa. To ta wajen soja babu gurbin koyar da dabarar tsere, ta wajen Hébert ma babu. Sannan Nasara da yawa sun ɗauka baƙar fata gudu a jininsa yake. Wannan tunani ya zo ya tarar da karin maganarmu ta barewa a zaune, suka gaisa, suka yarda da juna cewa ba sai an koya ba.

Alhali a daidai wannan zamani, can waje, gudu na zama ilimi. Wannan ne ban sani ba sam sai da na karanta. Durƙuson nan da muke gani a talabijin, hannuwa a ƙasa, ƙugu a sama, ba da shi aka haifi kowa ba, ƙirƙiro shi aka yi wajen ƙarshen shekarun 1880. A wasannin Olamfik na farko, a Atina cikin 1896, Ba'amurke Thomas Burke yana cikin ƴan kaɗan da suka durƙusa wajen tashi, ya ci mita 100 da daƙiƙa 12. Daƙiƙa 12, wanda yau ɗan lise mai ƙoƙari zai iya yi. A Balin, cikin 1936, Jesse Owens da ɗan cokalin magini ya haƙa ramuka biyu a ƙasa inda zai dogara ƙafafunsa, kamar sauran abokan tserensa. Matokaran ƙafa da muke gani yanzu sai a 1948, a Landan, aka fara amfani da su a Olamfik. A 1968 Jim Hines ya yi 9.95 a Meksiko. A 2009, a Balin ɗin nan dai, Usain Bolt ya yi 9.58 da taki 41. Tsakanin 12 da 9.58 akwai fili mai kyau, akwai takalmi, akwai abinci, ban musa ba. Amma akwai kuma abin da malamai suka yi ta tarawa shekara ɗari suna miƙa wa na bayansu: yadda ake karkata jiki a takun farko, yadda hannu ke jan ƙafa, inda ya kamata ƙafa ta sauka. Abin da aka tara aka miƙa kuwa, ana iya miƙa wa yaron Matamaye ko na Madawa.

Ranar 3 ga Agusta 1960 muka samu ƴancin kai. Bayan wata guda, a Roma, Abdoulaye Seye ɗan Senegal ya zo na uku a tseren mita 200, sanye da rigar Faransa, can kuma ya samu masu koya masa. A gida kuwa yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, gwamnatin Diori Hamani na fama da neman azuzuwa da malamai, tsarin karatu kuma na Faransa ne aka ci gaba da shi. A 1964 muka fara zuwa Olamfik, a Tokyo, da ɗan dambe Issaka Daboré, kuma shi ne ya kawo mana lambar tagulla daga Munich a 1972. Lambarmu ta farko ke nan, ta mai tsayawa a buga ce. Ta biyu ma, azurfar Alfaga a 2016, ta taekwondo ce. Ban faɗa don rainawa ba, na dai lura ne.

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, ya mai da hankali kan matasa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, ana zagaya jihohi, aka gina filayen kokowa, rediyo na ɗauka, ƙasa gaba ɗaya na kasa kunne. Ni ma masoyin kokowa ne, in ana takobi karatu ba ya shiga kaina. Abin da nake so mu gani shi ne, ran da hukuma ta ga dama, cikin ƴan shekaru ta ɗauko wasan dandali ta yi masa doka da alƙalai da fili da kyauta. Gudu bai samu irin wannan gata ba, ya dai raɓu cikin bukukuwan matasa da wasannin makarantu.

Kawuna ya fara koyarwa a farkon shekarun 1980, kuma in ka ba shi dama sai ya kwana yana yabon zamaninsu. Ya ce a makarantar horon malamai an nuna musu yadda ake tsara darasin motsa jiki: a tattara yara, a ɗumama jiki, a yi ainihin aikin ranar, a kwantar da numfashi kafin a koma aji. Sufeto yana iya faɗo maka ranar EPS ya ce ina takardar shirin darasinka. Ranar Laraba da yamma akwai wasa tsakanin lakwal da lakwal, iyaye na zuwa kallo. Shi da kansa ya tara kuɗi ya sayi kurono, irin mai igiya da ake ratayawa a wuya, har yanzu yana cikin akwatinsa ko da yake ya daina aiki. Na bari ya gama, na ce, "Kawu, amma kun koya musu yadda ake gudun, ko kun sa su ne kawai?" Ya yi shiru yana jujjuya kofin shayi. Can ya ce, "Gaskiya, ɗana, zaɓe muke yi. A sa su tsere, a ɗauki ukun gaba a kai gasa. Sauran su yi tafi." Ya san ɗaga gwiwa, ya san buga dunduniya a baya, yana sa yara suna yi, amma a matsayin ɗumama jiki kawai. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗannan gaɓoɓin gudu ne aka rarraba don a koye su ɗaya-ɗaya.

Ko wannan ɗan abin ma bai daɗe ba. Kuɗin uraniyum ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi da yajin aiki da shekarun karatu da suka tafi a banza, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Wajen ƙarshen shekarun nan aka fara ɗaukar malaman sa kai, daga baya suka zama ƴan kwantiragi, wasu da horon ƴan makonni aka miƙa musu alli. Yawan yara a lakwal ya ƙaru ƙwarai, kuma wannan alheri ne, ni kaina ba don haka ba da ƙila ban zauna aji ba. Sai dai filin da kawuna ke tsere a kai shi ne aka kakkafa wa rumfunan zana don a samu wurin zama. Mushe mai yara tamanin da bai ga albashi ba wata biyu, in ya mai da lokacin EPS na lissafi, ni ba zan zage shi ba. Abin da ya rage mana mu tsararmu shi ne gudun wanda ya makara: zagaya fili sau biyar, tsallen kwaɗo, kama kunne. Hausa ta haɗa abu biyu cikin kalma ɗaya, horo. Akwai horon da ake yi wa ɗan wasa ya ƙware, akwai horon da ake yi wa mai laifi. Mu na biyun muka sani.

A watan Disamban 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, an yi tsere a filin Seyni Kountché a kan shimfiɗa irin ta zamani. Daga can zuwa ajina na CE2 kusan kilomita 900 ne, amma nisan ya fi haka. Cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa, INJS, tana fitar da malaman EPS na gaske, sai dai kolej da lise ake tura su. A firamare mushen aji ne komai. Kafin yaro ya haɗu da wanda ya karanci abin ya kai shekara 12 ko 13, in ma ya kai kolej ɗin, alhali tsakanin shekara 7 da 11 ne jiki ya fi saurin ɗaukar sabon motsi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun iya faɗin wannan a kan tarbiyya, ba mu taɓa faɗinsa a kan ƙafa ba.

Kada wani ya ce ai ba mu da masu gudun ne. Aminatou Seyni ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a Lausanne a 2019. Da dokokin hukumar wasannin ta duniya suka hana ta wannan nisa ta koma mita 200, a 2022 kuma ta zo ta huɗu a gasar duniya a Eugene ta Amurka. Ta huɗu a duniya, ƴar Nijar. Duk ran da na ga hotonta sai in tambayi kaina irinta nawa ne suka gama CM2 suna riƙe da silifa a hannu.

To bari in koma ga ajina, don makon da ya biyo bayan kunyar nan ban zauna ba. Na je na sami wani malamin EPS na kolej, mutumin kirki, ya zauna da ni yamma biyu yana zana mini a ƙasa da tsinke. Abu na farko da ya sa na yi shi ne rage nisa. Taki ashirin zuwa ashirin da biyar ya ishi ɗan shekara tara, don gudu na iyakar ƙarfi ƴan daƙiƙoƙi kaɗan jiki ke iya riƙe shi, abin da ya wuce nan gajiya kake koya wa yaro. In ya ƙare ya dawo da tafiya, ya huta sosai kafin ya sake. Da yara saba'in hutu ba shi ne matsala ba, jira ne, sai na yi layi takwas don kada kowa ya daɗe a tsaye cikin rana. Durƙuso kuma ya ce in bar shi tukuna, cinyar yaro ba ta yi ƙarfin da za ta harba shi daga ƙasa ba. A tsaye za su tashi, ƙafa ɗaya gaba, hannun ɗaya gefen a gaba, jiki a karkace kamar mai shirin tura ƙofa. Da na rasa yadda zan gane ƙafar da kowa zai sa gaba, sai na ce kowa ya yi mini langa. Ƙafar da yaro ya tsaya a kai ba tare da tunani ba, ita ce mai ƙarfin.

Sannan na ajiye Faransanci. "Abo marka" ta koma "A layi! Shirya! Tafi!" Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma a fili har yau da baƙon harshe muke ba yara umurnin da ba su san ma'anarsa ba. Da na koma Hausa sai gyara ya zama mai sauƙi, don kowane gyara akwai abin da yaro ya riga ya sani. Mai dunƙule hannu na ce masa ƙwai ne a tafinka, kada ka fasa, kada ka yar. Mai wurga hannu gefe na ce daga aljihu zuwa haɓa, gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa ce ke aiki. Mai waige na ce ga dogon yaro can, kada idonka ya bar shi. Wanda ya fi ba ni daɗi shi ne na tafin ƙafa. Malamin ya yi ta mini bayani cewa a kan gaban ƙafa ake sauka, ƙarƙashin ƙugu, kada a miƙa dunduniya can gaba don birki ce, kuma kada ƙafa ta daɗe a ƙasa. Na rasa yadda zan faɗa wa ƴan CE2 wannan, sai na ce, "Wa ya taɓa ratsa rairayi ba takalmi da azahar a watan bazara?" Duk suka ɗaga hannu. Na ce to haka za ku taka. Nan take rabin ajin suka gane.

Na jera karan dawa a ƙasa da ƴar tazara suna tsallakewa da sauri don gwiwa ta saba tashi. Na ja layin ƙarya taki biyar bayan na gaskiya don su daina birki kafin su iso. Don saurin tashi na raba su sahu biyu suna fuskantar juna, kuraye da awaki, sunan da na kira su ne masu kora, kuma wannan wasa har sai da direkta ya leƙo ya ga abin da ke kawo ihu. Langa ma na shigo da ita, amma da sharaɗin a sauya ƙafa. Abu ɗaya kawai nake gyarawa a mako, don na gwada faɗin uku lokaci guda na ga yaro ya tsaya cak yana tunanin wanne zai fara. Ba duka ne ya yi kyau ba. Akwai ranar da na makara har rana ta ɗaga, yara biyu suka yi jiri, kuma babu ruwa a lakwal ɗin sai wanda na aika aka sayo. Akwai waɗanda har na tafi hannunsu na nan yadda yake. Amma akwai wani ɗan gajere da kullum shi ne na ƙarshe, na auna shi da kuronon wayata a makon farko da na biyar, na nuna masa lambobin biyu. Har yanzu shi ne na ƙarshe, sai dai ya ga lambar ta ragu, ya tafi yana gaya wa kowa.

Yarinyar nan mai riƙe da zane da silifa, na ce ƴan mata su riƙa sa wando ƙarƙashin zane ranar Talata, silifa kuma a tara su gindin bishiya. Ran da hannuwanta biyu suka samu kansu ta wuce kowa, har mazan, ba da ƙyar ba. Ba ta cije baki, ba ta waige, kamar ba ta taɓa ƙasa. Bayan kwana biyu kakarta ta zo lakwal da sandarta. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai sa ƴaƴan mutane tsalle-tsalle gaban maza?" Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, darasi ne, yana cikin takarda." Ta ce takarda ba ita za ta aurar da yarinya ba. Muka daɗe, direkta ya sa baki, a ƙarshe muka shirya a kan layin mata daban na maza daban. Ta ce to, za ta gani.

Sitaj ya ƙare bayan mako shida. A bana na bi ta lakwal ɗin don in gaida mushen da ya riƙe ni, na tarar an ƙara rumfar zana biyu a inda muke tsere. Da aka fito hutun ƙarfe goma sai na hango wasu yara a ɗan lungun da ya rage sun ja layi da ƙafa. Yarinyar ce a tsaye gefe, yanzu tana CM1, hijabinta har gwiwa, tana jera ƴan CP tana cewa, "A layi! Shirya!" Ta tsaya ta kama hannun wani ƙarami ta buɗe masa yatsu ta ce kada ya fasa ƙwan. Da ta gan ni ta zo ta gaishe ni. Na ce, "Ke fa, ba ki shiga?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, Inna ta ce na girma." Ta koma ta ɗaga hannu ta ce, "Tafi!"